Yadda Bashmuhandis Ya Gyara wa Kwamfuta Agogo

A Tungar Jibirin, ƙetaren kogi daga Abu Hujar, agogo biyu ake bi. Shekarar da hukuma ta tura agogon ƙasa gaba da sa'a guda, mutanen garin sun saurari sanarwar a rediyo cikin ladabi, suka bar agogunansu yadda suke. Baba Garba ladan ya ce shi dai bai ga an aika wa rana takarda ba. Tun daga nan in ka ce wa mutum ku haɗu ƙarfe tara, sai ya tambaye ka, “Taran gari ko taran hukuma?” Shekara goma sha huɗu ana haka, ba wanda ya mutu.

A wannan garin Sharfuddeen ɗan Mahadi yake. Ya taɓa yin wata takwas a Khartoum, a wani shagon buga takardu. Masu cewa shara yake yi a can ba sa faɗa a gabansa, sai Dije mai shayi, wadda taubashiyarsa ce, saboda haka bakinta ba shi da linzami a kansa. Ya dawo gida da ƙananan sukundireba shida, da filashin adana bayanan kwamfuta rataye a wuya kamar laya, da suna Bashmuhandis, wato babban injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, don kada ya wahalar da kowa.

Ofishin yankin ɗaki ɗaya ne, kwamfuta biyu, ma'aikaciya ɗaya mai suna Hanaa. Kwamfutocin ba su da ikon kansu. Sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu duk suna can Sinja, babban birnin jihar, cikin wata uwar na'ura da ake kira sirfar, kuma duk safiya sai kwamfutar ƙauye ta nemi izini a can kafin ta buɗe wa Hanaa aiki. Wannan tsari shi ake ce wa domen.

A wannan shekara aka ce rajistar aikin Hajji ta kwamfuta za a yi, daga Talata zuwa Alhamis ƙarfe biyu na rana, sannan a rufe. Mutum bakwai ne masu niyya a garin, har da Baba Garba. Babbarsu Iya Mairama, yayar mahaifin Sharfuddeen, mai shekara saba'in da tara. Kakanta ya baro ƙasar Sakkwato da nufin Makka, ya tsaya a bakin kogin nan don ya huta, kuma zuriyarsa ba ta gama hutawa ba har yau. Iya ta ce ita za ta ƙarasa tafiyar, bana kuwa, domin gwiwoyinta sun shaida mata ba za su jira baɗi ba.

Ranar Litinin dattawa suka leƙa ofis don su ga abin da zai kai su Makka. Baba Garba ya sunkuya, ya ƙura wa kusurwar allon ido.

“Wagga aba tana gaba da sa'a ɗaya,” in ji shi.

“Agogon hukuma ne, Baba,” in ji Hanaa.

“A garinmu take zaune ko a garin hukuma?”

Sharfuddeen, wanda ba a gayyace shi ba amma yana gaba, ya gyara tsayuwa. “Baba, wanga ƙaramin aiki ne. In na sa ta bin agogonmu, ƙarhe biyun da anka ce ya zama biyun gari. Kun ga na samo muku sa'a guda kyauta.”

Hanaa ta ce ba haka abin yake ba. Dattawa suka dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je Khartoum ba. Sharfuddeen ya ɗaga kibod, ya zaro takardar da aka rubuta kalmar sirrin masu gyara, wadda aka ɓoye a inda kowa ya sani, ya shiga ya mai da agogon baya da sa'a guda. Bayan ɗan lokaci kwamfutar ta mai da shi yadda yake. Ya sake, ta sake.

“Taurin kai gare ta,” in ji Dije daga bakin ƙofa. “Ku 'yan gida ɗaya ne?”

Bai kula ta ba. Ya yi ta tone-tone har ya gano abin da ke sa ta tambayar Sinja lokaci, ya kashe shi, a duka kwamfutocin biyu. Agogo ya tsaya inda aka ajiye shi. Baba Garba ya yi kabbara. Sharfuddeen ya ninke takardar ya sa a aljihun jallabiyarsa, ya ce saboda tsaro.

Akwai abu guda da ba a koyarwa a wurin shara. Uwar na'urar Sinja tana da zargi. Duk kwamfutar da ta yi mata sallama, sai ta fara duba agogonta, kuma in bambancin ya haura minti biyar, sai ta ɗauka ɓarawo ne ya tsinto tsohuwar sallama, ta ƙi buɗe ƙofa. Sa'a guda ta ɗan haura minti biyar.

Talata da safe mutum bakwai suka jeru a ƙarƙashin rumfar Dije da takardunsu. Hanaa ta rubuta sunanta da kalmar sirrinta, shafin rajista ya ƙi buɗewa. Ta koma ɗaya kwamfutar, ita ma ta ƙi. Kafin ta ɗaga kai Sharfuddeen ya iso.

“Ya Bashmuhandis,” ta ce, “jiya da safe tana aiki. Ka taɓa agogo, yau ba ta aiki. Ba ni takardar in mai da shi.”

Ya yi dariya ta haƙuri. “Ustaza, mi ya haɗa agogo da ƙofa? In kin gyara agogon ɗakinki, kwaɗon gidanku shina ƙin buɗewa?”

Dattawa suka gyaɗa kai. Hujja ce mai kyau, ba abin da ya rage mata sai zama gaskiya.

“Kin dai manta kalmar sirrinki,” ya ce. “Mata akwai mantuwa. Matsa.”

Ya zauna a kujerarta. Ya gwada sunanta da manyan baƙi, ya gwada sunan mahaifinta, ya gwada shekarar haihuwarta, wadda ya ja baya da shekara biyar, abin da Hanaa ba ta yafe ba har yau. A karo na biyar wani rubutu ya fito cewa an kulle sunan Hanaa gaba ɗaya.

“Kun gani?” ya ce wa jama'a. “Ta canja magana. Ɗazu wata amsa take ba mu, yanzu wata. Mun fara samun kanta.”

Iya Mairama ta leƙo, sandarta a hannu. “Sharfu, sunana ya shiga?”

“Shina bakin ƙofa, Iya.”

“To ka tura shi ciki mana.”

Da hantsi ya sanar cewa matsalar shabaka ce, wato sadarwa, domin eriyar ofis ta yi ƙasa da yawa, maganar tana karo da itatuwan mangwaro kafin ta kai Sinja. Ya sa aka kawo gora uku aka ɗaura, ya naɗe jallabiya ya hau bishiyar dalbejiyar da ke inuwantar da rumfar Dije.

“Ka sauko, ya zol, bawan Allah,” in ji Dije. “Reshen nan ko akuya ba ya ɗauka.”

“Akuya ba ta san inda za ta taka ba.”

Reshen bai tsaya bambanta su ba. Sharfuddeen ya ratsa rufin rumfar, ya sauka da ƙafa ɗaya cikin tulun ruwan sanyi, ɗayar kuma a kan tiren kofuna. Eriyar ta biyo shi daga baya, ta same shi a ka. Da aka zaro shi, idon sawunsa ya kumbura, jallabiya ta jiƙe, takardar tsaron nan kuwa ta koma dunƙulen kunu mai ruwan tawada.

“Sannu, Bashmuhandis,” in ji Dije tana tsince fasassun kofuna. “Daga can sama ka hango Sinja?”

“Na auna ƙarfin shabaka,” ya ce yana nishi. “Tamam take, lafiya lau. Wanga mun cire shi daga lissafi.”

“Ka cire min rufi kuma daga rumfa.”

Da la'asar Hanaa ta kira Widad, injiniyar da ke kula da kwamfutocin yankin daga Sinja. Wayar na shiga Sharfuddeen ya karɓe, ya ce magana ce ta injiniya da injiniya, ya ɗingisa waje.

“An taɓa wani abu?” in ji Widad.

“Ba abin da anka taɓa sai gyara.”

“Duba min agogon kwamfutar. Daidai yake?”

Ya duba na hannunsa, ya leƙa ta taga ya duba na kwamfuta. Ko daƙiƙa ba su saɓa ba.

“Bashmuhandisa, agogon ga bai taɓa zama daidai ba irin na yau.”

Widad ta ce to abin ya fi yadda ta zata, ga shi gobe tana Dinder, amma za ta bincika daga ɓangarensu. Sharfuddeen ya dawo ya shaida wa jama'a cewa Sinja ta amsa laifinta.

Laraba ya zo da sanda da sabon bayani: zafi. Ya ce a Khartoum kwamfuta cikin sanyi take kwana kamar amarya, a nan kuwa an bar ta tana dahuwa, dole ƙwaƙwalwarta ta ruɗe. Ya kwance bayan ɗaya daga cikinsu da sukundirebansa, waɗanda suka ga aiki a karon farko. Ya hure ƙura. Sannan ya aika a jiƙo buhun albasa, ya naɗe ta da shi yadda ake naɗe tulu.

Hanaa ta tsaya a gabansa. “Wallahi ba za ka kunna ta haka ba.”

“Baba, ka ji ko?” ya ce. “Ni ina neman hanyar Makka, ita tana tare hanya.”

Baba Garba ya ce, “Ɗiyata, bar shi ya gwada. Tulu ma haka munka san shi.”

Ya kunna. Kwamfutar ta yi tari sau ɗaya, ta saki wani siririn hayaƙi mai warin ƙonannen roba da albasa, ta yi shiru na har abada.



“Zafin ne ya fita,” in ji Sharfuddeen.

“Har da rai ya fita,” in ji Dije. “A kira masu wanka ko kai za ka yi?”

Iya Mairama ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan benci, ta kwance bakin mayafinta, ta duba takardunta, ta sake ƙullewa. “Sharfu,” ta ce, “ni ban san na'ura ba. Na san dai ubanka a bayana ya yi wayo. Gobe Alhamis.”

“Iya, in sunanki bai shiga ba, a daina ce min Bashmuhandis.”

“Wanga ba asara ba ce gare ni,” ta ce. “Sunan nika so ya shiga.”

Hanaa ta ja kujera ta zauna a gaban kwamfutar da ta rage, ta rungume ta, ba ta tashi ba sai da aka rufe ofis. Ta yi ta kiran Widad ba a ɗauka, sai ta rubuta mata saƙo: ɗaya ta mutu, ɗaya ta kulle, mai gyaran yana nan da ransa, kuma ya taɓa agogo.

Alhamis garin duka ya hallara, har waɗanda ba su da niyyar zuwa ko Sinja. Widad ta aiko cewa ta taso, amma jirgin fito ya tsaya a ƙetare yana jiran mota ta cika shi. Sharfuddeen bai ga dalilin jira ba. Ya hau kan benci da ƙafa ɗaya da rabi ya yi jawabi. Ya ce ya kwana yana nazari, ya gano cewa ciwon shi ne domen ɗin kansa. Don me kwamfutar Tungar Jibirin za ta riƙa neman izini a Sinja kamar matar da ke kulle? Yau zai raba su, ta ci gashin kanta.

Aka yi tafi. Hanaa ta ce sai dai ya bi ta kan gawarta. Ya ce zai ba ta zuwa bayan azahar ta yi tunani.

Baba Garba ya kira salla, aka yi, aka dawo. Iya dai ta gaji da zaman benci. Ta tambayi ɗan ƙaninta ko akwai lokacin da za ta je gida ta yi tata sallar ta ɗan miƙe ƙafa.

Ya dubi agogonsa. “Sha biyu da kwata. Iya, je ki huta. Sai biyu za a rufe, biyun gari kuwa. Ni na gyara shi da hannuna.”

Ta tafi a hankali, can ƙarshen gari wajen gonakin ayaba.

Sha biyu da rabi wata mota ƙirar bokis, wato a-kori-kura, ta tsaya, Widad ta diro da jaka a kafaɗa. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta dubi buhun albasa, ta dubi eriyar da ke jingine a bango a karye, ta dubi kusurwar allon da ya rage.

“Wa ya ce min agogon nan daidai yake?”

“Ni ne,” in ji Sharfuddeen. “Duba nawa ki gani.”

“Ya ustaz, naka na kiwon awaki ne. Yanzu ƙarfe ɗaya da rabi. Saura rabin sa'a a rufe.”

Baba Garba ya matso. “Ɗiyata, ai an mai da ita biyun gari.”

“Baba, ƙofar tana Sinja. Nan taga ce kawai.”

Ta rubuta kalmar masu gyara da ka, ta kunna abin da aka kashe, agogo ya yi tsalle daga sha biyu da minti talatin da biyar zuwa ɗaya da minti talatin da biyar. Jama'a suka ga sa'ar da aka samo musu kyauta ta fice a gaban idonsu. Ta kira Sinja aka buɗe sunan Hanaa. Hanaa ta rubuta kalmar sirrinta, wadda ba ta taɓa mantawa ba, shafin ya buɗe kamar ba a taɓa faɗa ba. Duka gyaran bai kai tafasar shayi ba.

“Kowane mutum minti shida, da hoto da komai,” in ji Widad. “Uku za su samu, in Allah Ya so. Wa ya fi tsufa?”

“Iya Mairama!” aka amsa baki ɗaya.

“Tana ina?”

Kowa ya juya ya dubi Sharfuddeen.

Motar da ta kawo Widad ta riga ta wuce. Amalanken jaki yana gona. Dije ta ce, “Bashmuhandis, kai ka aike ta. Ga sandarka, ko ka fi sauri ba ita?”

Mutanen Tungar Jibirin sun ga abubuwa a wannan makon, amma ba su taɓa ganin mai ƙafa ɗaya da rabi yana gudu irin haka ba. Hanaa ta fara da mutum na biyu a tsufa, ta gama, ta kama na uku. Ɗaya da minti hamsin da uku sai ga ƙura daga wajen gonakin ayaba. Sharfuddeen ne, rawani ya warware yana jan ƙasa, filashi ya koma ƙeya, Iya Mairama goye a bayansa, hannu ɗaya ta shaƙe masa wuya, ɗayan tana zungurinsa da carbi.

“Yi sauri, ɗan Mahadi! Ubanka ya fi ka nauyi, ban kuma yi wanga nishi ba!”

Mata suka rangaɗa guɗa. Ya dire ta a kujera, shi kuma ya zube a ƙasa kusa da gawar kwamfuta. Ƙullin mayafin ya ƙi kwancewa, Dije ta sa haƙori. Widad na karantawa, Hanaa na bugawa. Aka ce Iya ta dubi kyamara, ta ce bari ta gyara ɗankwali, ofis duka ya ce a'a. Ɗaya da minti hamsin da tara takarda ta fito daga firinta da sunan Mairama a kai. Da Baba Garba ya miƙa nasa takardun, shafin ya riga ya rufe.

Mutum huɗu suka rage sai baɗi, Baba Garba a cikinsu. Suka tsaya a bakin ƙofa, wadda ita kaɗai ce ofishin yake da ita.

Sharfuddeen ya tashi zaune, ya share gumi. “To, jama'a, kun dai ji da kunnenku. Tun Talata na ce matsalar tana Sinja. Agogonsu ne ke gaba.”

Baba Garba ya cire takalminsa ɗaya, ya riƙe, yana duba ƙasansa kamar mai nazari.

Iya Mairama ta ninke takardarta, ta ƙulle a mayafi ƙulli biyu, sannan ta dafa kan ɗan ƙaninta. “Ku bar min shi. Ya goye ni. Sharfu, in Allah Ya kai ni, a gaban Ɗakin Ka'aba zan yi maka addu'a da sunanka.”

Fuskarsa ta washe, ya dubi jama'a don su shaida. “Mi za ki roƙa min, Iya?”

“Allah Shi ba ka babban aiki, mai ofis da kujera da na'urori da yawa.” Ta ɗan numfasa. “A gari mai nisa ƙwarai.”

Aka shafa. Amin ɗin Baba Garba har ƙetaren kogi an ji shi, domin da muryar kiran salla ya yi shi.